Makarantar Marece da Jigon Yaya Kulu

Tun da injin ban ruwa ya cika fadamarmu na daina sauka can da marece. Ba ƙafa ce ta hana ni ba, kunne ne. Wannan ƙara tasu mai kama da tarin tsohon jaki, ga hayaƙi, ga warin fetur bisa lawashi, ko sallamar maƙwabcinka na lambu ba ka ji. A da kuwa, in rana ta karkata, abin da ke tarbon ka tun daga bakin gari kukan jigon ban ruwa ne, wannan na amsa wa wancan har inda gulbi ya lanƙwaso daga Goronyo. Icce ya yi ƙara, guga ya nutsa, a jawo a juye, ruwa ya bi magudana yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, wani na waƙa, wani na zagin jakinsa da ya shiga albasar mutane. Kwanan baya aka ce mini jigon da ya rage wajen Taloka ma an sare shi an hura wuta. Abin da ya buɗe mini baki wani ne daban. A wurin ɗaurin aure na ji wasu masu manyan riguna suna ta zagin yaran yanzu, wai an gina musu ɗakin koyon sana'a, an sa musu aji, da farko sun cika shi maƙil, yanzu sai ƙadangaru. Malalata ne, in ji su, ba su son kansu da arziki. Na tambayi ɗaya daga cikinsu da wane lokaci ake shiga ajin. Ya ce bayan la'asar. Na ce to, madalla. Ashe har yau ba a koyi komai ba.

Mu ma an yi mana irin wannan gata, zamanin Turawa, ba da daɗewa ba bayan sojoji sun komo daga yaƙin da aka kai su ƙetaren teku. Ina sabon aure a lokacin, a ƙauyenmu da ke jingine da fadama, tafiyar da ba ta kai a ɗauki guzuri ba zuwa Wurno. Ranar kasuwa mai shela ya zaga yana cewa an buɗe makarantar marece a Wurno, za a koya wa duk mai so aikin katako, ba a biyan komai, ba a duba shekaru. A wancan zamani ƙyauren katako sai gidan hakimi da na alƙali. Mu tufaniya muka sani da asabari. Masassaƙanmu turmi da taɓarya da ƙotar fartanya suke yi da gizago, kuma gado ne, ba a koya wa bare. To ga sana'a an ce kowa ya zo ya ɗiba. Ranar farko zauren da aka ba mu kusa da kasuwa bai ɗauke mu ba, har bisa dakali da gindin itatuwa mutane ne. Wasu tun daga Rabah da Maikujera suka zo bisa jakai, don kawai su ga zarto da idonsu.

Malaminmu tsohon soja ne, mutumin ƙasar Zazzau, Garba sunansa, amma Malam Saje kowa ke ce masa. A soja ya koyi aikin, can kuma ya baro jin kunnensa na hagu, saboda haka in zai yi magana sai ya ɗaga murya kamar yana kiran wanda ke ƙetaren gulbi. Hausarsa ma abin dariya ce gare mu. Inda muke cewa mi, shi sai ya ce me, kamar ɗan akuya, har yara na bin sa a baya suna kwaikwayo. Mun zo da zaton ran nan za mu ƙera tebur, sai ya miƙa mana dutsen washi. Kwana da kwanaki ba abin da muke yi sai wasa ƙarfe, da koyon karanta layukan da ke jikin ma'auni, da ja wa katako layi da fensir, shi kuma ya zo ya leƙa ya girgiza kai ya wuce. Kayan aikin ba su da yawa, sai ka yini kana kallon zarto a hannun wani kana haɗiyar yawu.

Waɗanda suka zo kallo su suka fara zamewa, ba kuwa wanda ya yi kewarsu. Sai jita-jita ta tashi, wai duk wanda ya iya ma'aunin Bature soja za a ɗebe shi, ba ga shi malamin ma soja ba ne? Iyaye mata suka riƙe 'ya'yansu. Wasu dattawa kuma suka ce ɗan malami ko ɗan mai sarauta ba ya durƙusawa yana gugar icce a bainar jama'a, aka janye waɗannan. Da aka gama girbi 'yan cin rani suka naɗe tabarmi suka rataya gora suka nufi Kurmi can kudu, cikinsu har da yayana namiji, don ba a biyan haraji da layin fensir. Amma duk waɗannan ƙananan ɓaraka ne. Babbar ƙofar da mutane suka fice ta cikinta ita ce albasa.

Wanda bai yi noman rani da jigo ba ba zai gane ba. Albasa a ba ta ruwa da safe, a ba ta da marece in rana ta yi sanyi. In ka ba ta da tsakar rana ka dafa ta, in ka yi mata fashin marece lawashi ya kwanta ya fara rawaya. Baba yakan ce albasa ba ta san suna ba, ba ta san ta'aziyya ba. To wanda ya zauna a ofis can birni ya yanke cewa a shiga aji bayan la'asar a tashi da magariba, ya ɗauka manomi in ya kai gero rumbu sai zaman inuwa. Ko tambaya bai yi ba. Da ya tsaya ya tambayi ko mai tallan fura a bakin kasuwa, da ta gaya masa cewa tsakanin azahar da la'asar ne kawai mutumin fadama ke da kansa. Malam Saje ya aika da wannan magana sama ba sau ɗaya ba. Amsar da ke dawowa ita ce, sunanta makarantar marece, saboda haka da marece za a yi ta. Ku ji fa!

Wanda tafiyarsa ta fi ci mini rai shi ne Ummaru, abokina tun muna kiwon awaki. Duk cikinmu ba mai hannunsa. Ni sai na yi ta fama kafin layina ya miƙe, shi kuwa in ya ɗora zarto kamar katakon ne ke buɗe masa hanya. Malam Saje, wanda bai iya yabo ba, yakan ɗauki aikin Ummaru ya juya ya juya ya ajiye bai girgiza kai ba, wannan kuwa a wurinsa ya fi kirari. Amma Ummaru shi kaɗai ne namiji a gidansu, ga tsohonsa ciwon baya ya kwantar. Wata rana na biya masa mu tafi, na iske ya riga ya tuɓe riga ya ɗauki guga.

Na ce, "Ummaru, yau ma ba ka zuwa?"

Ya ce, "In tahi in bar ma wa ruwa? Kai dai tahi. In Malam yat tambaya, ka ce mai ina gaisuwa."

"Shi da yac ce yau za shi gwada muna haɗin kusurwa."

"Haɗin kusurwa aka ci?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Je ka gano muna, in kad dawo ka ba ni labari."

Ni ma saura kaɗan tawa ta ƙare haka. Baba idonsa ya fara yin yana ba ya gani sosai, yayana ya tafi cin rani, matata amarya ce ba ta fita. Da yamma guda ya kira ni tsakar gida ya ce, "Kai, taura biyu ba ta tamnuwa. Ko albasa ko icce, zaɓi guda. Amma ka sani icce ba shi zama tuwo bana." Na sunkuyar da kai, don ba a ja da uba, kuma gaskiya ya faɗa. Yaya Kulu, babbar yayarmu, wadda mijinta ya rasu ta gama takaba ta dawo gida da 'yarta, tana gefe tana tankaɗe. Doguwar mace ce mai kaushin murya, ko jariri ba ta iya rarrashi ba. Ba ta ma ajiye rariya ba ta sa baki.

"Baba, a bar shi shi tahi. Ni ka ba ta ruwan marece."

"Ke? Ɗiya mace bisa jigo? Ina kit taɓa ganin haka?"

"Ban taɓa gani ba. Gobe sai a gani."

"Duniya za ta yi muna dariya, Kulu."

"Dariya ba ta kashe albasa, Baba. Ƙishirwa ka kashe ta." Sai ta juyo gare ni. "Kai kuma Auta, in nij ji an ce ka yi hwashi ko na yini guda, da igiyag guga za ni tarbe ka."

Dariyar kuwa an yi ta. Maza suka laƙaba mata Sarkin Noma, mata suka sa ta a waƙar daka. Tafin hannunta ya yi ƙuraje ya fashe ya yi kanta. Ni in ba da ruwan safe, ita ta ba da na marece, mu haɗu a gida da magariba, ni da garin katako a gashi, ita da laka har gwiwa. Kafin ta wanke ƙafa za ta tare ni: "Mi anka koya maka yau?" In na ce wasa ƙarfe, sai ta ja tsaki ta ce ita ma ta iya wasa wuƙa ba ta je Wurno ba. Wannan shi ne abin da masu zagin yara ba su sani ba. In ka ga mutum ya daɗe a aji, kada ka yi saurin yaba masa naci, leƙa bayansa, akwai wanda ke ɗauke da kayansa. Mu da muka rage ba mu fi waɗanda suka tafi hankali ba. Akwai Tanko gurgu, wanda ba shi da gona balle lambu, ajin ne kaɗai ƙofar da aka taɓa buɗe masa, kullum jakinsa ne ke fara isa. Akwai 'yan cikin gari da iyayensu 'yan kasuwa ne, ba su san nauyin guga ba. Sai ni, mai Yaya Kulu.

Ana cikin haka aka ce Bature zai zo duba aji. Nan da nan mai unguwa ya baza yaransa fadama, aka kwaso mutane daga bakin jigo, wasu ƙafa duk laka, aka jera su bisa benci aka ba kowa abin riƙewa. Wani ya riƙe zarto haƙora na kallon sama. Ummaru ma an kawo shi, ya zauna idonsa na ga ƙofa. Bature ya shigo da hular kwano da tafinta, ya dubi zaure cike, ya ɗauki ɗan akwatin da Ummaru ya fara tun kafin ya bari, ya gyaɗa kai, ya ce lalle lokacin marece ya karɓi mutanen nan. Malam Saje ya buɗe baki zai yi magana, mai unguwa ya yi caraf ya rufe shi da godiya da addu'a, ya yi ta jan su har baƙo ya shiga mota. Ƙurar motar ba ta kwanta ba mutane suka ruga fadama kamar an kwance awaki. Albasar mutane da yawa ta kwana da ƙishi ran nan, don kawai a nuna wa baƙo komai lafiya lau. Wannan hali namu na share tsakar gida a tura shara bayan ɗaki, shi kam har yau bai tsufa ba.

Jigonmu tsoho ne, tun na kakanmu. Gwafanni biyu ne a kafe, da icce a gicciye bisansu, da doguwar sanda an ɗaure da igiyar rama, guga a kanta, curin laka a gindinta don nauyi. Ashe gara ta daɗe tana cin gicciyen ta ciki, ba wanda ya lura. Muna cikin aji wata rana sai ga 'yar Yaya Kulu ta faɗo zaure tana haki, tana cewa, "Kawu, Kawu, jigo ya hwaɗa ma Inna!" Ban san sa'ad da na jefar da guduma ba. Na iske ta zaune cikin laka, Ummaru ya riga ya ɗage mata sandar, hannunta na dama yana lilo kamar ba nata ba. Ba ta kuka, sai zufa. Da ta ɗaga kai ta gan ni, abin da ta fara cewa shi ne, "Mi kaz zo yi? An tashi aji?"

Maɗori ya zo ya ja hannun ya ɗaure shi da kara. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce kawai, "Ka gani ko." Na gani kuwa. Washegari da na gama ba da ruwan safe da guga da hannu, na tafi masaukin Malam Saje in yi masa sallama. Na durƙusa ta wajen kunnensa mai ji na gaya masa abin da ya faru, na ce na gode da abin da ya koya mini, amma daga yau ba zan sake zuwa ba.

Ya ce, "Me ya karye, hannun ko jigon?"

"Duka biyu, Malam."

"Hannu aikin maɗori ne. Jigo kuma aikin wa?"

Bai jira amsata ba ya miƙe.

"Tashi. Ka gaya wa Tanko ya ɗaura wa jakinsa mangala."

Da azahar sai ga su sun gangaro fadama, Tanko bisa jaki, kayan aiki a mangala, Malam Saje a gaba da wandon sojansa, sauran 'yan aji a baya suna kallon juna. Ya zagaya jigon da ya faɗi, ya ɗauki guntun gicciyen ya murza a tafin hannu ya zama gari. Sai ya ɗaga muryar nan tasa ya ce, "Yau a nan za a yi aji!" Ya sa aka nemo iccen ƙirya, wanda gara ba ta ci. Ya nuna mana yadda ake auna sanda a gano inda za a huda ta don nauyin laka da na ruwa su yi kunnen doki, da yadda ake sassaƙa kan gwafa gicciye ya zauna a ciki daram ba sai an dogara da igiya ba. Muryar da muke wa dariya ita ta yi aiki, don har lambun da ke can nesa ana jin sa. Mutane suka fara matsowa, wannan ya ce wa wancan ja mini ruwa in je in gani, in na dawo in ja maka. Da aka zo haɗin, bai kira ni ba, bai kira 'yan gari ba. Ya miƙa wa Ummaru zarto kamar jiya suka rabu. Kafin rana ta faɗi jigo ya tsaya, ana jawo guga da hannu ɗaya.

Sauran ranin nan a fadama muka yi shi. Mu fara da azahar a inuwar tsamiya, in lokacin ban ruwa ya yi mu koma gindin jigon wanda layi ya zo kansa, masu ruwa na ba da ruwansu suna saurare. Daga jigo aka shiga kujera, daga kujera aka shiga ƙyaure. Waɗanda aka ce sun gudu duk suka dawo, har da waɗanda ba su taɓa leƙa zaure ba, har da wani tsohon masassaƙi da da can yake tofar da yawu in ya ga zarto. Ban taɓa ganin mutane na koyon abu da yunwa irin wannan ba. Yaya Kulu takan sa a kawo mata tabarma ta zauna nesa kaɗan da hannu a rataye, tana sa ido kada in yi zaman banza.

To, sai aka yi abin da aka saba. Wani ɗan aike ya zo daga birni bayan la'asar, ya iske zaure a kulle. Bai tambayi kowa ina muke ba, ko kuwa ya tambaya aka nuna masa fadama ya ga laka ya dubi takalminsa, Allah ne masani. Ya koma ya ce aji ya mutu, kuma malami ya fitar da kayan hukuma daga inda aka ajiye su ba da izini ba. Aka kira Malam Saje, aka yi masa faɗa, aka ce an mayar da shi wani gari can yamma. Dattawanmu da suka ci amfanin sababbin jiguna, da aka ce su je su yi magana, kowa ya ce ba a ja da hukuma. Aka zo aka zuba kayan cikin akwati aka buga ƙusa. Na tabbata tsatsa ce ta gaje su. Ranar da zai tafi ya buɗe jakarsa ya raba mana nasa na kansa, waɗanda ya zo da su daga soja. Ya ba Tanko guduma, ya ba Ummaru zarto, ni ya ba ni ma'auni ya ce, "Kai idonka ba abin yarda ba ne, kada ka rabu da wannan." Ya hau motar kasuwa, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Tanko ya bi wani kafinta zuwa Sakkwato, can ya yi suna ya yi iyali. Ummaru kuwa damina ta faɗi, tsohonsa ya rasu, gida da ƙannai mata suka hau kansa. Wata rana ya kawo mini zarton a naɗe cikin tsumma ya ce in riƙe masa zuwa kaka. Kaka ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, bai taɓa zuwa karɓa ba, in na yi masa maganar sai ya kawar da ita. Mutumin da ya fi kowa hannu a ƙasar nan a bakin fangali ya tsufa, ni kuma mai rabin sani na zama kafintan da ake aikowa nema daga Marnona har Goronyo. In ka ce wannan ba abin haushi ba ne, to ban san abin haushi ba.

Hannun Yaya Kulu ya haɗe, amma a karkace. Ba ta ƙara ɗaga taɓarya ba, ko ɗaurin kallabi sai 'yarta ta taya ta. Ƙyauren farko da na yi ni kaɗai, ba mai duba mini, na ɗakinta ne. Na cire tsohuwar tufaniya na kafa shi, na shafe shi da man gyaɗa har yana ƙyalli. Matan gida suka taru, Baba ya zo yana lalube shi da tafin hannu yana sa albarka. Na ja gefe ina jiran abin da za ta ce. Ta zo ta tura shi da hannun hagu, ta jawo, ta ƙara turawa. Gindinsa ya ɗan gogi ƙasa ya yi ƙara.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Don wanga nib ba da hannuna?"

Ta nuna gindin ƙyauren da ƙafa.

"Cire shi ka gyara."

Na cire na gyara. Sai daga baya 'yarta ta tsegunta mini cewa tun daga ran nan, duk matar da ta shigo gidanmu, ko aron wuta ta zo, sai Yaya ta sa ta ta buɗe ƙyauren ta rufe kafin ta bar ta ta tafi. Ni dai har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini ya yi kyau ba.